Wai me farfesan ilimin kufai yake yi daga safe zuwa yamma?

Wani ɗalibi ne ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, aikin lauya na nema a jami'a, sai aka ba ni akiyoloji, wato ilimin kufai. A gida kowa dariya yake yi mini, wai a tonon kaburbura zan ƙare. Kawuna har cewa ya yi in na tono tukunyar zinariya kada in manta da shi. Ku da kuka kai farfesa a wannan fanni, me kuke yi kullum? A daji kuke kwana?"

Ɗana, ka gaida kawun naka, ka ce masa na haura shekara 30 ina wannan aiki, ban taɓa yin ido biyu da tukunyar zinariya ba. Tukwane kam na gani, sai dai fasassu. Tsingaro buhu-buhu, gawayi, kashin maƙera, ƙasusuwan awaki da na kifi, su ne dukiyar da na tara. Zancen daji kuwa, in na samu mako 6 a shekara ina wurin haƙa, wannan shekarar ta yi albarka. Akwai shekarun da ko cokalin magina ban ɗauka ba. Sauran kwanakin duk tsakanin aji ne da ofis da ɗakin ajiya da zauren taro.

A lokacin karatu, ranata daga sallar asuba take farawa. Ɗan tsakanin nan kafin gari ya waye sosai shi kaɗai ne nawa, a nan nake rubutu, don da zarar na taka harabar sashe na zama na jama'a. Ƙarfe 8 ina gaban 'yan aji ɗaya, kuma galibinsu irinka ne, wani kwas suka nema aka turo su wurinmu, suna zaune fuska a murtuke kamar an aiko musu da saƙon mutuwa. Ba na fara musu da ma'anar akiyoloji. Abu uku nake fiddawa daga aljihun riga in ajiye a kan tebur: guntun bakin tukunya, dunƙulen kashin maƙera, da ɗan dutsen nan mai santsi da kaifi a gefe guda. Ina ɗaga shi za ka ji wani daga baya ya ce, "Gatarin aradu ne, Malam." In ce to, daga ina ya zo? Su ce daga sama yake faɗowa in an yi tsawa. Sai in miƙa shi ya zaga aji, in ce kowa ya karkata shi wajen taga ya dubi bakinsa. Akwai siraran layuka a jere, duk sun nufi gefe guda, irin wanda ake gani a jikin wuƙar da aka wasa. Mutum ne ya zauna ya goga shi a kan wani dutsen, kwana da kwanaki, tun ba a san ƙarfe ba. Ajin yakan yi tsit na ɗan lokaci. Wannan shirun nake jira kowace shekara, kuma har yau bai gundure ni ba.

Ajin da ya fi zafi shi ne na tarihin dauri. Nan ake taɓo Bayajida da rijiyar Kusugu, da Barbushe da Tsumburbura a kan Dala, kowa kuma da labarin da kakarsa ta ba shi, ba ya son a taɓa masa. Abin da nake koya musu shi ne shaidu uku gare mu: baki, takarda, da ƙasa. Kowannensu yana faɗin gaskiya, kowannensu kuma yana da irin tasa ƙaryar. Baki yakan haɗe sarakuna biyar ya mai da su mutum ɗaya. Takarda takan bi son zuciyar fadar da aka rubuta ta. Ƙasa ba ta da son zuciya, amma ba ta kiran suna, kuma gara da ɓera da mai haƙar masai sukan hautsina ta. Dubi Kano. Tarihin sarakunan Kano da Palmer, wani Baturen mulkin mallaka, ya fassara zuwa Turanci a 1908, bisa lissafinsa Bagauda ya hau mulki a 999. Gawayin da aka auna daga wurin narkar da tama a gindin Dala kuwa ya nuna wajen ƙarni na 7, wato ana zuga wuta ana fitar da ƙarfe a wurin fiye da shekara 300 kafin Bagauda. Takardar ma ai ba ta musa ba, ta ce ya tarar da mutane. To su wane ne, me suke ci, da wa suke ciniki? Nan takarda ta yi shiru, nan namu aikin ya fara. Mu da muka tashi a kan rubuce-rubucen su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman, an hore mu da tambayar kowace riwaya: wa ya faɗe ta, a gaban wa, me yake nema? Haka nake tambayar tsingaro ma.

Daga aji sai ofis, kuma nan ba abin burgewa. Ɗalibai a bakin ƙofa da babi na biyu na kundinsu, takardun jarrabawa ɗaruruwa suna jiran jan biro, taron sashe, taron tsangaya, kwamitin ƙarin girma, kwamitin ladabtarwa. Wata jami'ar ta aiko da kundin digirin digirgir mai shafi 400 in karanta in je in yi wa mai shi tambayoyi. Ga neman kuɗin bincike, wanda shi ma sana'a ce mai zaman kanta: ka cika takardu, ka yi kasafi, ka jira, kafin kuɗin su fito farashin mai ya ninka. Duk farfesan da ya ce maka bai taɓa yin gyangyaɗi a taro ba, ka bar shi da Allah.

Inda zuciyata take shi ne ɗakin ajiya. Haƙar mako guda takan haifar da aikin watanni a can. Kowane tsingaro sai an wanke shi a baho da tsohon buroshin haƙori, a shanya a inuwa, a rubuta masa lamba da siririn alƙalami: sunan wuri, lambar rami, zurfin da aka same shi. Sannan a baje su a kan dogon tebur a shiga rarrabewa, baki da baki, gindi da gindi, mai zanen igiya gefe guda, mai zanen tsinke gefe guda. Da guntun baki da bai fi yatsa biyu ba za a iya gane faɗin tukunyar, a san ko tulu ce ko kasko ko randa. Wani lokaci a cikin cikin tsingaron sai ka ga sawun yatsan maginiyar, inda ta danna yumɓu tun yana ɗanye. Nakan sa nawa yatsan a wurin. Nata ya fi nawa ƙanƙanta kusan kullum.

Kuma tukwanen nan suna faɗin zamani ga wanda ya iya sauraro. Masara da taba daga nahiyar Amurka suka zo, ba su iso mu ba sai bayan 1500. Saboda haka in na ga guntun lofe a wani zurfi, na san wannan shimfiɗar ƙasa ba ta wuce shekara 400 da 'yan kai ba, ko dagacin garin ya rantse mini cewa kufan ya shekara dubu. Haka tukunyar da aka yi wa ado ta hanyar murza totuwar masara a jikinta. Sai dai a nan ana taka-tsantsan, don akwai wata saƙa ta kaba da sawunta yake kama da na totuwa, ta sha kunyata masana.

Bari in ba ka labarin abin da ya fi ƙona mini rai a aikin nan. Wata shekara muka dawo daga haƙa da jakunkuna sun fi 100, muka jera a ɗakin ajiya, sai aka shiga dogon yajin aiki. Damina ta zo, rufin ya yi yoyo, gara ta samu hanya. Ba ta ci tsingaro ba, me za ta yi da shi? Takardun da muka ɗaura a bakin jakunkunan ta cinye. Da muka buɗe ɗakin, kayan suna nan lafiya lau, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ba mu san daga wane rami ko wane zurfi suka fito ba. Na zauna a kan bokiti na rasa abin cewa. Tsingaron da ba a san inda ya fito ba, da shi da wanda yara ke wasan 'yar carafke da shi duk ɗaya ne. Tun daga ranar, takarda biyu nake sa wa kowace jaka, ɗaya a waje, ɗaya a ciki cikin leda, kuma ɗalibin da ya yi mini ganganci da wannan yakan ga ɓacin raina.

Yanzu ga dajin da kake tambaya. Ba a fita da damina, gonaki a rufe suke, rami kuma ya cika da ruwa. Sai an kawar da amfanin gona, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, kafin zafin bazara ya sauko. Kafin nan sai an samu izini a rubuce daga hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, don haƙa ba da izininta ba laifi ne ko kai farfesa ne. Amma takardar Abuja ba ta buɗe gona. Sai ka je ka faɗi gaban hakimi, ya haɗa ka da dagaci, dagaci ya haɗa ka da mai unguwa, a kira mai gona. Ka kai goro, ka zauna a tabarma, ka yi bayani sau bakwai. Za a ce ma'adini kuke nema. Za a ce gwamnati ce za ta ƙwace filin. Wata tsohuwa za ta aiko a gaya maka wurin yana da mutanen ɓoye, kada a taɓa shi ranar kaza. Ban taɓa yi wa irin wannan magana dariya ba, don sau da yawa inda aka ce akwai iskoki nan ne tsohon gari yake, tsoron ne ya tsare shi daga masu ɗibar ƙasa.

Kwanakin farko tafiya ce kawai. Mu jeru kamar masu farauta, kai a sunkuye, muna duba abin da garma ta fito da shi. Inda kukoki suka yi cincirindo ba gari kusa, inda ƙasa ta yi tozo ta yi fari-fari da toka, inda aka ga ramukan marina sun cike, duk mu sa a taswira. Sannan a zaɓi wuri, a kafa ƙusoshi, a ja igiya, mita 2 a kan mita 2. Ana sauka ne santimita 10 a lokaci guda, ko kuma a bi launin ƙasa in ta nuna kanta. Kowane kwanon sarki na ƙasa sai ya bi ta rariya. Hunturu yana busawa, leɓe ya tsage, ƙura ta mai da kowa kamar an tono shi.

A nan farfesa ba shi ne gwani ba. Manoman da muke ɗauka aiki sun fi mu sanin ƙasa nesa ba kusa ba. Akwai wani dattijo da na yi aiki da shi shekaru, bai taɓa shiga aji ba. Yana cikin kankare ƙasa sai ya tsaya, ya ƙwanƙwasa da bakin cokali, ya ce, "Malam, nan daɓe ne." Ni ban ga komai ba, launi ɗaya nake gani. Ya ce in saurara. Ya buga nan, ya buga can, sai na ji ɗaya yana amsawa da ƙarfi, ɗaya a dushe. Muka bi a hankali da buroshi, sai ga daɓen ɗaki, ga da'irar bango, ga duwatsun murhu uku a zaune inda matar gidan ta bar su, da toka a tsakaninsu. Da ni kaɗai ne, da na fasa shi na wuce ban sani ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne haƙa ɓarna ce. Likita in ya yi kuskure wani likitan zai iya dubawa, mai karanta tsohuwar takarda in ya karkace wani zai sake karantawa. Mu kuwa shafin da muka karanta mun yaga shi ke nan, ba mai sake haƙa ramin da na haƙa. Shi ya sa rabin yinin a rami rubutu ne da zane da awo da ɗaukar hoto. Shi ya sa kuma ba ma haƙe wuri duka, mukan bar kaso mafi yawa ga waɗanda za su zo da kayan aikin da suka fi namu. Da dare, ɗalibai sun yi barci a ajin firamaren da aka ba mu aro, ni ina zaune da tocila a baki ina cike littafin rana. Wanda ya haƙa bai rubuta ba, ko ya rubuta bai wallafa ba, bambancinsa da ɓarawon kayan tarihi takardar izini ce kawai. Na faɗi haka ina sane da cewa ni ma akwai rahoton rami biyu da ake bi na bashi.

Gawayi kuwa muna lallaɓa shi kamar jariri. Ba a taɓa shi da hannu, ba a shan taba kusa da shi, da bakin cokali ake ɗauka a naɗe. Dalili shi ne duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa bayan mutuwarsa, rabinsa yakan tafi a cikin shekara 5,730, to da auna abin da ya rage ake gane shekarun itacen da ya zama gawayin. Awon a ƙasashen waje ake yi, kowane ƙwaya ɗaya ɗaruruwan daloli. Sai ka ga mutum ya tara samfur 40, kuɗinsa na 3 ne, ya kwana yana tunanin wanne zai aika. Sakamakon ma ba ya zuwa da shekara guda cak, tazara yake bayarwa. Akwai ma wani zango, daga wajen 800 zuwa 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da awon yake rikicewa ya kasa bambance farkonsa da ƙarshensa, kuma cikin rashin sa'a nan ne muhawarar farkon narkar da ƙarfe a yankin Nok na kudancin jihar Kaduna ta faɗa. Masana sun yi shekaru suna ja-in-ja a kan wannan.

Tunda na ambaci Nok: kowa kawunan yumɓun nan ya sani. Ni abin da ya fi burge ni a aikin da masanan Jami'ar Goethe ta Farankfot suka fara da takwarorinsu na Nijeriya a 2005 shi ne ƙwayoyin hatsi. Ana zuba ƙasar rami a ruwa, abin da ya ƙone ya taso sama, a tace, a duba da madubin ƙara girma. Da haka aka ga mutanen Nok gero suke ci da wake, kuma zamansu ya faro tun wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ka ga abin da aka dafa a gidanku jiya, an fi shekara 3,000 ana dafa shi a ƙasar nan. Ka gaya wa kawu wannan ita ce zinariyar.

Maganar kaburbura kuma, ba na kewaye-kewaye. Ba ma zuwa maƙabartar da jama'a suka sani, ba ma taɓa kabarin da yake da masu shi. Amma wanda ke haƙa tsohon gari wata rana zai ci karo da ƙashin mutum, don mutanen da sukan binne a cikin gida. In haka ta faru, ni dai a ramina aiki yakan tsaya, a rufe wurin, a kira dagaci da liman da mai gona. In sun ce a mayar, mu auna abin da za mu iya a inda yake, mu mayar da ƙasa. Ban yarda ɗalibi ya ɗauki hoto yana wasa da ƙoƙon kan mutum ba. Kakan wani ne.

Wani ɓangaren aikin da ba a rubuta shi a takardar ɗaukar aiki ba shi ne amsa kira. Manyan abubuwan da aka gano a ƙasar nan, yawancinsu ba farfesa ya fara ganinsu ba. Masu haƙar kuza ne suka fara fito da kan yumɓu a Nok a 1928. Wanda aka kai wa Bernard Fagg, wani Bature masanin kufai, a 1943 daga yankin Jama'a, a gonar doya yake an kafa shi yana korar tsuntsaye, kuma wannan Fagg ɗin shi ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Kwalekwalen Dufuna a jihar Yobe, wani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, a zurfin mita 5. Sai 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jamus suka fito da shi: tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000, ba a san jirgin ruwan da ya girme shi a Afirka ba. Da mutumin nan ya faskara shi ya hura wuta, shi ke nan. Saboda haka in wani malamin firamare ya bugo ya ce masu yin bulo sun fito da wasu tukwane, nakan bar abin da nake yi in shiga mota. Sau tara cikin goma ba wani abu ba ne. Wani lokaci kuma in tarar an riga ni, wurin ya zama ramuka kamar an yi ruwan bama-bamai, dillalai sun kwashe. Tun a 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa gumakan yumɓu na Nok da na Sakkwato da na Katsina da na Bura ta Nijar a jerin kayan da aka fi sacewa. Ba na zagin talakan da ya haƙa don ya ci abinci. Haushina yana kan mai saye.

Sai kuma abin da ya fi duk waɗannan nauyi a yanzu, wato tsaro. A Fabrairun 2017 aka sace masana biyu Jamusawa a Janjala ta jihar Kaduna suna tsakar aikin Nok. An sako su bayan 'yan kwanaki, amma mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu sun rasa rayukansu. Akwai kufai da dama a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari da Borno da na san su kamar tafin hannuna, yau ba zan kai 'ya'yan mutane can ba ko da kuɗin bincike ya zo. Dole ta sa muka koma kusa da gida: ganuwar da ake yanka ana gina shaguna, tsofaffin unguwannin maƙera da marina, da jakunkunan da magabatanmu suka haƙo tun shekarun 1970 ba a gama nazarinsu ba. Ashe akwai aikin shekara 20 a ɗakin ajiya kaɗai.

Ba zan ruɗe ka da zancen kuɗi ba, ba a yin arziki a nan, motata shaida ce. Guraben aikin su ne koyarwa, gidajen tarihi irin Gidan Makama da na Jos da na Kaduna, da binciken da ake yi kafin a gina babbar hanya ko madatsar ruwa, sai kuma wanda ya haɗa da sanin taswirar kwamfuta, shi kam ba ya rasa abin yi. In ka ga zuciyarka tana wajen lauya har yanzu, ka nemi canji bayan shekara guda, ba wanda zai ga laifinka. Kafin nan dai, in ka je gida hutu, ka nemi tsohuwar da ke ginin tukwane a garinku ka zauna kusa da ita yini guda, ka ga inda take ɗebo yumɓu, me take haɗa shi da shi, da me take yin zane, me ya sa bakin tulu ya bambanta da na tukunyar miya. Ka tambaye ta sunan kowane abu ka rubuta. Ranar Laraba da yamma kuma muna wankin tsingaro a bayan sashe, akwai jaka 60 da ba a taɓa ba. In za ka zo, ka taho da tsohon buroshin haƙorinka, namu duk sun cinye.